Allon Babbaƙu a Bakin Teku

Ƙanena Malam, salamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya ɗalibai? Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, na ƙi amsa shi da murya kamar yadda muka saba, domin tambayar a kan rubutu take, gara a amsa ta a rubuce. Sai dai ka yi haƙuri da bokona, ka san da furfura na koye shi.

Hoton da na tura wa dangi ka gani, ina tsaye da mahaifiyata Hajiya da autata a gindin wani bango cike da haruffa, sai ka jero mini tambaya uku ba ko numfasawa. Ka ce an ce bangon harsunan duniya ne, to ina Hausa a ciki? In ba a sa ba, me ya hana mu Hausawan da ke zaune a nan mu je mu yi magana? Sannan ka kawo wadda na san ita ta fi ci maka rai: me ya sa mu Hausawan Sudan kullum da harafin Larabci muke rubuta maka saƙo, kai malamin Hausa guda ka yi ta kici-kici da shi? Har ka ce ko dai mun yar da harshen ne muna jin kunyar faɗa.

Bangon na babban ɗakin karatun nan ne na Iskandariyya, wanda a nan maktaba kawai ake ce masa, ko direban bas ka faɗa wa haka ya san inda zai sauke ka. Yana unguwar Shatbi, titi ne kaɗai tsakaninsa da teku. An buɗe shi ranar 16 ga Oktoba 2002, shekara biyu kafin in tare a garin, don tunawa da tsohon ɗakin karatun da sarakunan nan 'yan asalin Girka da suka mulki Masar suka kafa a nan ƙarni uku kafin haihuwar Annabi Isa. Gasa aka sa, a 1989 masu zanen gini na wani kamfanin Norway mai suna Snøhetta suka ci. Ka ɗauka faifai ne aka jingina, gefe ɗaya ya nutse a ƙasa, ɗayan ya tashi sama, fuskarsa na kallon ruwa. Faɗin faifan mita 160. Bangon da ya kewaye bayansa, inda ya fi tsayi ya kai mita 32, an lulluɓe shi da dutsen Aswan mai ruwan toka, kimanin murabba'in mita 6,000, aka bi shi da hannu ana sassaƙa haruffa daga nau'in rubutu 120. Wata mai fasaha 'yar Norway, Jorunn Sannes, ita ta tsara zamansu. Akwai rubutun Fir'aunoni mai tsuntsaye da idanu, akwai na Girka, na Sin, na Yahudawa, na Larabawa, na Rumawa wanda kuke cewa boko. Wani harafin ya fi mutum tsayi, wani bai wuce tafin hannu ba, wani kuma an yanke shi rabi inda dutse ya haɗu da dutse.

To ga inda wanda ya ba ka labari ya kauce. Haruffa aka tara, ba harsuna ba. Ba a jera su don su ba da wata magana ba, babu jimla, babu sunan wata ƙabila a gefen wani harafi. Ni na shekara ashirin ina wuce wurin ban sami kalmar da ta dace da shi ba sai da Hajiya ta zo.

Ka san yadda ta zo. Bayan garin Madani ya faɗi a yaƙin Sudan a Disambar 2023 ƙannena suka fito da ita, suka yi ta gangarowa arewa har Halfa, suka tsallako Aswan, garin da aka fasa dutsen bangon nan. Wata uku ba ta leƙa ƙofar gida ba. Wata Asabar da la'asar na lallaɓa ta muka fita shan iska, rana ta karkata, inuwa ta shiga ramin kowane harafi har suka fito baƙi ƙirin a jikin dutsen. Ta tsaya, ta dogara da sanda, ta ɗaga kai har tob ɗinta, lulluɓin matan Sudan, ya zame daga ka. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Kai wannan, me aka rubuta?" (Har yau ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari. Wannan alkunyar ba mu bar ta a hanya ba.) Na ce, "Hajiya, ba a rubuta komai ba, haruffa ne kawai." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Af, ashe babbaƙu ne. Duk wannan dukiya da aka zuba, yaron bai kai farfaru ba?"

Na yi dariya har mutane suka waiwayo, amma gaskiyarta. Allon ɗan kotso ne aka yi da dutse. Da ta hango harafin Larabci sai ta nuna shi da bakin sanda, ta shiga yi wa autata "alu, ambaki, wau, zal" da irin waƙar da aka koya mata tana yarinya a bakin wutar karatu. Yarinyar ta tsaya tana kallonta, ita a makarantarsu "alif, ain" aka koya mata. Bayan nan sai damuwa ta kama tsohuwa: yaya za a bar harafin Alƙur'ani a waje, ruwa ya dake shi, tsuntsu ya sauka a kansa? Mu dai ka sani, ko guntun jarida muka gani a ƙasa da rubutun Larabci sai mun ɗauke mun soke a jikin katanga. A nan Masar kuwa da jaridar ake naɗe ƙosansu na ta'amiyya. Na ce mata harafi ɗaya ba aya ba ne. Ba ta gamsu ba. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne rubutun da ba za a wanke ba. A wurinta rubutu abin wucewa ne: a rubuta a allo, a biya, ya shiga ƙirji, a wanke, in ta kama a sha ruwan, gobe a sake wani. Sudanawa ma haka suke yi a halwa, wato makarantar allonsu, rubutun sha suna ce masa mihaya, tawadar kuwa baƙin tukunya ne da ƙaro.

Saboda haka in ka ce ina Hausa, sai in ce rigunanta biyu suna nan rataye, kuma duka biyun na aro ne. Rabonmu a harafin boko daidai yake da na Bature da Bafaranshe da Bayarabe, rabonmu a harafin Larabci daidai da na mutanen Iran da Pakistan. Habasha suna da nasu na gado, Buzaye suna da Tifinag, mu ba mu da shi, kuma ban ga abin kunya a ciki ba, Ingilishi ma a wurin Rumawa suka aro.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ai muna da namu na kanmu, masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ya kamata a nema. Malam, na koma na duba saƙon nan naka mai zafi tun daga sallama har sa hannu, ban ga lanƙwasa ko ɗaya ba. "Kasa" ka rubuta inda kake nufin ƙasa, ka ce an "daura" auren ƙanwarka, ni kuwa da nake sabon shiga na ɗauka garin Daura aka kai ta. Harafin da kai mai koyar da shi ka kasa danna shi a waya, mutanen Norway za su sassaƙa maka shi a dutse? Wasa nake, amma ka ji da kunnen basira.

Su waɗannan haruffa a shekarun 1930 aka tabbatar da su a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta baza su cikin ƙasa. A lokacin kakana ya riga ya yi nisa. Shi da kakanka ciki ɗaya, naka ya zauna da gonar gado a ƙasar Haɗeja, nawa ya ɗaura niyyar Makka da jaki ɗaya da gafaka. Ta Borno suka bi, suka ratsa Wadai, suka shiga Darfur ta Jinena, suka bi Fashir da Ubayyid, duk inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙodago damina ɗaya ko biyu. Ya iske an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suna neman hannu, Hausawa kuma ga su nan. Ya iske mutanen Mai Wurno, waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya kafa musu gari a bakin Shuɗin Nilu. Kakana ya sauke farali, ya dawo, Jazira ta riƙe shi. Bai taɓa ganin Hausa a boko ba har ya koma ga Allah, kuma da ka nuna masa da cewa zai yi rubutun Nasara ne. Mu jikokinsa makarantar gwamnati da Larabci muka yi ta tun daga aji ɗaya, Turanci darasi ne guda a cikin darussa. Babu inda boko zai same mu.

Amma kada ka ɗauka abin da muke turo maka ajamin kakanni ne. Nan ne ka fi kuskure, kuma nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Ɗauki kalmar gida. Kakana, a wasiƙun da ya bari, da harafin gain yake fara ta, kamar yadda malaman ƙasar Hausa suke yi, ƙaf kuwa ya ajiye shi don ƙasa da ƙofa. Ni da na tashi a Sudan, inda kowa ke furta ƙaf kamar g, in zan rubuta gida a waya da ƙaf nake farawa ba tare da na yi tunani ba. Autata haifaffiyar Iskandariyya ce, Misirawa kuwa jim suke furtawa g, Jamal su ce Gamal. Ran da ta rubuta wa kakarta "ina gida" da jim ta fara. Gida ɗaya, jini ɗaya, harafi uku. Shi ya sa kai da ka yi allo a Kano, in na rubuta gida sai ka karanta ƙida ko ƙuda, ka zauna kana neman ma'ana. Ga shi ba ma sa wasali, allon waya bai saba da shi ba. Kakana kuwa ba ya barin baƙi tsirara, kowane da fataha ko kisira ko rufu'a, har da ɗigon imala na ƙasa mai ba da e. Yana rubuta c da harafin sa mai ɗigo uku, ɗ da ɗa mai hannu. Rubutunsa ya fi namu tsari nesa ba kusa ba. Namu na gaggawa ne, wanda ya san bakinka shi ke iya karanta shi, in magana ta yi tsawo kuma sai a danna a yi da murya.

Alƙur'anin kakana yana wurina, warƙa-warƙa a cikin gafakarsa ta jan fata, Hajiya ta fito da shi a ƙugunta ta bar zinariyarta. Wani maƙwabcina Bamisire, mutumin kirki, mahaddaci, ya roƙa in nuna masa. Ya yi alwala ya zauna, ya buɗe, bai yi layi uku ba ya ɗago ya ce akwai kuskure, marubucin ya sa ɗigon fa a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ya ba shi maimakon biyu. Na ce ba kuskure ba ne, hannun Magariba ne, ruwayar Warshu, haka ake rubutawa daga Fas har Borno. Su nan ruwayar Hafsu suka sani, a Sudan kuma tsofaffin halwoyi ruwayar Duri suke biyawa. Ya daɗe yana jujjuya warƙar, daga baya ya ce in ba shi izini ya ɗauki hoto. Na ce masa mutanenmu ba yau suka fara zuwa ƙasarsu ba, tun shekarun 1240 mutanen Kanem suke da makarantarsu da masauki a Alƙahira, a Azhar ma a da akwai zauren Barnawa.

Ni boko a intanet na koye shi, ina da shekara arba'in da wani abu. Tun muna yara muke jin sashen Hausa na BBC a rediyon babanmu, ran da na buɗe shafinsu na ga harshen uwata a gabana amma na kasa karanta ko kan labari, abin ya yi mini ciwo. Na riƙa sauraron labari ina bin sa da ido har ya zauna. Cikin tsararrakina a nan, waɗanda suka yi haka ba su cika hannu ba. Hajiya kuwa rubutun Hausa ɗaya tak na Najeriya ta taɓa karantawa, wata takardar kuɗi ce da wani alhaji ya ba ta a Makka, ta karanta "naira dubu" a ajami ta adana ta shekara da shekaru. Da na ba ta labarin an cire ajamin daga ƙananan takardu a 2007, aka kuma cire shi daga naira ɗari a 2014, cewa ta yi, "To su tsofaffi da me za su gane?"

Batun zuwa a yi magana kuwa, bari in gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ba halinmu ba ne. An ce baƙo raɓa ne, mu raɓarmu ta shekara ɗari ba ta bushe ba, amma har yau ana tuna mana. A Sudan Fallata ake ce mana, a haɗa mu da Fulani da Barebari a kwando ɗaya, a Hijaz a ce Takari, a nan Masar Sudanawa ne mu kawai, in na zo Kano kuma ku ce ga Balaraben Sudan. Akwai wanda kakansa a Jazira aka haife shi amma ya sha wuya kafin ya sami takardar zama ɗan ƙasa. Ka kuma ji abin da ya faru da 'yan'uwanmu a jihar Shuɗin Nilu a 2022, rikicin ƙasa da sarauta, aka rasa rayuka da yawa, har Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum, abin da ba a saba gani ba. Mutanen da suka tashi a haka sun koyi riƙe nasu a cikin gida. A nan kuma takardar iƙama, wato izinin zaman baƙo, muke sabuntawa, wanda ke layin iƙama ba ya zuwa neman a sassaƙa masa harafi. Ban ce hakan daidai ne ba. Samarinmu sun fi mu buɗe baki, suna bikin Ranar Hausa ta 26 ga Agusta, suna sa hula da babbar riga su yi hoto, abin da mu a shekarunsu sai ranar Idi.

A cikin gidan kuwa harshen yana nan da ransa. Gaisuwa da Hausa ake yi, a durƙushe. Raɗin suna, neman aure, ta'aziyya, rigimar adashi, duk da Hausa. Tuwo muke ci ko da maƙwabta sun ce asida ce, kuka da daddawa ba sa yankewa a ɗakin matata. Agashe, gasasshen naman nan da duk Sudan ke rububinsa, namu ne, sunan ma ka ji Hausa ce, haka godogodo. Abin da za ka yi wa dariya shi ne duk abin da ya zo bayan rabuwar kakanninmu, sunansa daban. Ku kuna shiga mota ku je asibiti, mu muna shiga arabiya mu je mustashfa. Ku daga Turanci kuka ɗebo, mu daga Larabci. Ran da ka ce mini kana "mitin" ka ce in kira ka "anjima bayan lakca", ni ma sai da na nemi mai fassara, ban kuwa ce ka yar da harshe ba.

Inda tambayarka ta taɓa ni shi ne yara. Manyan biyu suna yi sosai, da ɗan karkacewar harshe. Autar tana ji, amma da Larabcin Masar take mayarwa, kuma laifina ne, ina kasuwar zoɓo da riɗi tun safe har dare. Zuwan Hajiya ne ya gyara abin. Ta kafa doka, wanda ya nemi ruwa ko ƙarin miya da Larabci bai yi magana ba. Gidaje da yawa haka ta faru, yaƙin da ya raba mu da gidajenmu ya kawo wa jikoki kakanninsu. Yanzu yarinyar har tatsuniya take yi, tana cewa Gizo da Ƙoƙi da ƙ ɗinta daram, abin da Bamisire ba zai iya furtawa ba ko za a ba shi jirgin ruwa. Amma ba ta iya karanta wasiƙar kakan babanta ba, ba ta kuma iya karanta taka.

Shi ya sa ni bangon bai dame ni ba. Ina son sa, musamman da yamma, kuma na ga ranar da matasan garin nan suka riƙe hannun juna suka kewaye ginin a 2011 don kada a taɓa shi. Amma abin da ke bayan bangon ya fi shi: zauren karatu mai hawa-hawa kamar matakala, mai ɗaukar mutum 2,000, da kantoci da aka yi don littafi miliyan 8. In akwai inda Hausa za ta nemi wuri, a kan kantar ne, da farfarunta da ma'anarta. Wannan kuwa sai da ku, domin ku ke da maɗaba'a da marubuta da kasuwar littafi.

Don haka ga aikinka. Akwai ɗaliban Azhar da ke dawowa daga hutu ta Kano bayan Sallah. Ka haɗa mini littattafan koyon karatu na 'yan aji ɗaya da biyu, masu manyan haruffa da hotuna, kwafi goma in zai yiwu, akwai gidaje shida da suka ce suna so. Ka sa da na tatsuniyoyi. Ni kuma zan ɗauki hoton wasiƙun kakana guda huɗu in turo maka, akwai wadda ya rubuta wa kakanka bai sami mai kaiwa ba, yana tambayar ko an biya bashin gero dami uku da ya bari. Ka kai wa wani tsohon alaramma ya karanta maka, kada ka ba 'yan Islamiyya, ɗigon fa zai rikita su.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce a gaida mai ɗakinka da yara, ta ce kuma in da hali ka sako mata daddawar kalwa a cikin kayan, ta nan ba ta da ƙamshi. Ka naɗe ta da kyau kada ta shiga littattafan.